Ƙafar Ɗan Mai Ɗori

Mahaifina mai ɗori ne. A Shamaki in ka ce za ka gidan mai ɗori, ɗan acaɓa ba ya neman kwatance. Shi ma gadon sana'ar ya yi, kuma tun ina yaro na saba fitowa da safe in tarar da zaurenmu cike: wanda ya faɗo daga babur, ɗan dakon Kasuwar Gombe da buhu ya danne, makiyayin da saniya ta harba. Ni ban gaje shi ba. Boko na yi, na zama malamin firamare, na yi aure, na kama haya a Kumbiya-Kumbiya. Tun ranar da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai dai ya ce "Malam", kuma har yau ban gama gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Bari in faɗi wannan tun da wuri, kada a ɗauka na zauna ne in yi wa ubana tonon silili. Baba ya iya aikinsa. Na ga an shigo da mutum ranga-ranga, bayan wata biyu ya dawo da ƙafarsa yana godiya. Kuma ba shi da taurin kan da ake zargin masu ɗori da shi. In ƙashi ya huda fata, ko ya ji ciwo ya fara wari, nan take yake cewa a wuce asibiti. Abu ɗaya ne ba a ja da shi a kai, wato yadda yake duba mai ciwo. Za a kwantar da kai a tabarma, a miƙe gaɓar, 'yan rakiyarka su danne ka, kai kuma ka saki jiki ka yi shiru. Cewa yake mai ciwo bai san inda ke masa ciwo ba, zai nuna gwiwa alhali ɓarnar tana ƙugu. "Kai dai saki jikinka," haka yake faɗa wa kowa, "hannuna zai gaya mini." Sau da yawa kuwa hannun gaskiya yake gaya masa. A kan ƙafata ne bai gaya masa ba, ni kuma na yi wata biyar ina ɗingishi a ɓoye, saboda na kasa zaɓa tsakanin ƙafar da sunan ubana.

Da damina abin ya faru. An sheƙa ruwa da rana, na taso daga makaranta, na zo bakin lambatun layinmu na tarar ruwa ya tafi da katakon da muke takawa. Mai hankali zagayawa zai yi. Ni kuwa sai na tuna na taɓa yin ƙuruciya, na naɗe ƙafar wando na daka tsalle. Yatsun ƙafar dama ne kawai suka kama bakin simintin, diddige ya zurma, ƙafar ta lanƙwasho sama da ƙarfi, na ji wani abu ya ce ɗas a bayan idon sawu ta gefen waje. Ban faɗa ruwan ba, a kan hanya na kife da littattafan yara a hammata. Kafin a ɗaga ni wurin ya kumbura suntum.

Ba wanda ya tsaya shawarar inda za a kai ni. Ɗan mai ɗori, ina kuwa za a kai shi? Maƙwabtana biyu suka tare napep, sai Shamaki. Aka kwantar da ni a kan tabarmar da na sha ganin an kwantar da wasu. Baba ya bi ƙashin da babban yatsansa tun daga gwiwa har ƙasa, ya matsa nan, ya matsa can.

"Ƙashi lafiya lau," ya ce. "Targaɗe ne."

Na ce, "Baba, ai na ji wani abu ya tsinke, nan ta baya, daidai..."

"Malam, nan ba aji ba ne. Yi mana shiru."

Mutanen zaure suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Ya yi bisimilla ya ja ƙafar har na ji kamar raina zai fita, ya murza ta da man shanu da garin magani, ya tofa addu'a, ya naɗe da tsumma. Ya ce in huta kwana uku, a na huɗu in taka, don shi a wurinsa targaɗe in aka cika lallaɓa shi sandarewa yake yi. Haka na yi. A rana ta huɗu na cije haƙori na taka, a ta shida na koma makaranta.

Cikin mako biyu kumburin ya sace, kowa ya yi mini barka. A lokacin ne ainihin ciwon ya fito fili. Wata rana ina sallar azahar, na ɗago daga sujada zan miƙe, sai na ji ƙas, wani zafi ya soke ni, ƙafar ta saki kamar ba tawa ba. Da na sallame na janye wando na duba. Wata jijiya mai kaurin ƙaramin yatsa ta baro bayan ƙashin idon sawu ta hau kansa, tana nan a miƙe ƙarƙashin fata. Na sa yatsa na tura ta, ta sake cewa ƙas ta koma.

Daga ranar ta mayar da shi sana'a. In na tsuguna alwala sai ta hau. In na juya da sauri gaban allo sai ta hau. In na taka dutse a hanya, ko na sauko daga acaɓa ba shiri, sai ta hau, in tsaya a tsakiyar titi in sunkuya kamar mai gyara takalmi, in mayar da ita. Na koma salla a kan kujera a ƙarshen sahu, tsakanin dattawa biyu da suka haife ni. Ɗaya daga cikinsu kullum sai ya ce, "Malam, maraba da shigowa layinmu, amma ka yi sammako." Nakan yi dariya, amma a raina ba dariya nake yi ba.

Na koma wurin Baba. Na yi masa bayani iya iyawata, ya saurara da kunne ɗaya, ya ce in kwanta. To ga inda matsalar take. Da zarar na kwanta na miƙe ƙafa na saki jiki, jijiyar sai ta koma gidanta ta yi lamo. Ya lalube, ya lalube, bai ji komai ba. Na fara motsa ƙafar don in fito masa da ita ya gani, ya ɗan buge ni a ƙwauri.

"Saki! Kai kaɗai ne ba ka san dokar zauren nan ba?"

Na saki. Ya sake ja, ya sake murzawa, ya ce sanyi ne ya shiga wurin, ya ba ni saiwa in jiƙa in sha. Na sha har ta ƙare.

Karo na uku ya ce wataƙila akwai 'yar tsagewa da ta ɓoye masa, ya jera kara ya ɗaure ƙafar mako guda. Ranar da ya kwance, ina fita daga zauren, na ɗaga ƙafa zan tsallake dokin ƙofa, ta ce ƙas. Na waiwaya in ce masa ga ta, ga ta nan, sai na ga ya riga ya duƙufa a kan hannun wani mutum, ga jama'a a zazzaune suna jiran layi. Na tura ta da yatsa na wuce.

Abin da ya fi cin raina shi ne ni da kaina na shiga taya shi rufe maganar. In zan je gaishe shi, sai in sa ɗan acaɓa ya sauke ni daidai bakin zaure, don kada mutanen unguwa su ga ina jan ƙafa. Masu jiran ɗori sukan tambaye ni, "Malam, ya ƙafa?" Me zan ce a ƙofar ubana, gaban mutumin da ya taso tun daga ƙauye da karyayyen hannu yana sa rai? Sai in ce, "Alhamdulillahi, ta warke." In tsuguna in gaida Baba, jijiyar ta hau ƙashi a ƙarƙashin rigata, in gama gaisuwar ina murmushi gumi na keto mini.

A wata na uku na saci jiki na je wani asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Matata kaɗai ta sani. Likitan da na gani layi ya yi masa yawa, ko takalmina bai ce in cire ba. Ya ɗaga hoton sama ya duba, ya ce babu karaya, babu gocewa, tsohon targaɗe ne, ya rubuta mini maganin kashe zafi da man shafawa. Na fito na tsaya a rana da hoton a hannu kamar in kurma ihu. Na je neman wanda zai gaskata ni, na dawo da takardar shaidar cewa lafiyata ƙalau.

Matata kuwa, da zuciya ɗaya, da ta je gaisuwa Shamaki sai ta ba Baba labari, wai don hankalinsa ya kwanta. Ranar Juma'a da na je, ya dube ni ta gefen ido.

"Ashe har asibiti aka je?"

Na sunkuyar da kai.

"To me injin ya ce?"

"Ya ce ƙashi lafiya."

"Ƙashi lafiya." Ya juya wajen abokan hirarsa. "Kun ji ko? Ya je ya tambayi inji abin da na gaya masa a kan tabarmar nan." Suka yi dariya. Ya ce wai shagwaɓa ce ta yi mini yawa, tun da na samu mai dafa mini ruwan wanka na lalace. Wasa yake yi, na sani. Amma na ga zuwan nawa asibiti ya sosa masa rai, don ranar bai ce in tsaya cin abinci ba. Na koma gida na sauke haushin a kan matata, wadda ba ta yi komai ba sai ƙoƙarin gyara.

Gidan da muke haya mu uku ne a ciki. Ɗakin ƙarshe na wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar wajen Kaltungo, kowa Sista yake ce mata. Wata safiya tana shanya kaya, ni kuma na tsuguna a bakin famfo ina alwala, jijiyar ta yi halinta. Na sa yatsa na mayar ba tare da na ko duba ba, don na saba. Sai na ji ta ce:

"Malam, tsaya. Mene ne wannan ka yi yanzu?"

Na ce ba komai, tsohon targaɗe ne.

"A'a, wannan ba targaɗe ba. Sake yi in gani."

Wata huɗu ke nan, kuma ita ce mutum ta farko da ta ce in nuna mata. Na ɗaga yatsun ƙafar sama na karkata su waje, jijiyar ta yi tsalle ta hau ƙashi. Sista ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Haka kake yawo da shi? Malam, kai da kake koya wa yara?" Ta ce ita ba fanninta ba ne, amma likitan ƙashi zan gani, ba kowane likita ba. Ta gaya mini ranar da yake zama, ta kuma ce in na shiga kada in tsaya dogon bayani, in cire takalmi kawai in yi masa abin da na yi mata.

Likitan ƙashin ba yaro ba ne, ya yi furfura a gemu. Bai ce in kwanta ba. Ya zaunar da ni a bakin gado ƙafa na lilo, ya matsa gaban idon sawu, ya ce da zafi? Na ce babu. Ya matsa bayansa, na zabura. Sai ya dafa gefen ƙafar da tafin hannunsa ya ce in ture shi waje da dukkan ƙarfina, ina ɗaga yatsu sama. Na tura. Ƙas. Ya ce, "Yawwa, ga ta nan." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ba don zafi ba. Ya aika ni aka yi sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, aka ɗora na'urar a wurin ina motsa ƙafar, muka ga jijiyar a allo tana fita tana komawa.

Ya ɗauki biro ya zana mini a bayan takarda. Ya ce jijiyoyi biyu ne suke saukowa daga naman ƙwauri ta gefen waje, su bi ta bayan ƙashin idon sawu cikin wani ɗan kwari, sannan su shiga ƙafa. Su ne suke karkata ƙafa waje, suke kuma riƙe ta kada ta turguɗe. Akwai wani maɗauri mai ƙarfi da ya rufe su a cikin kwarin. Ranar da na yi tsalle, ƙafar ta lanƙwasho sama, naman kuma ya fizga da ƙarfi don ya cece ni, sai maɗaurin ya ɓalle daga jikin ƙashi. Wasu kuma, in ji shi, tun haihuwa kwarin nasu ba zurfi, abu kaɗan ke fitar da jijiyar, kuma da alama ina cikinsu. Ya ce hoton ƙashi ba ya cika nuna wannan, don ba ƙashin ne ya lalace ba. Kuma in mutum ya kwanta ya saki jiki ba za a ji komai ba, sai ya yi aiki da naman ƙafar sannan take fita.

"Wa ya fara duba ka?" ya tambaya.

Na ce, "Wani mai ɗori ne." Ban ce ubana ba. Har yau ina jin kunyar wannan "wani" ɗin.

Bai zagi masu ɗori ba, yadda na zata. Ya ce ko a asibiti ana yawan ɗaukarsa targaɗe, don a kwanakin farko kumburi yana rufe komai, bambancin kawai shi ne zafin targaɗe ya fi zama a gaba ko ƙasan ƙashin, wannan kuwa a baya. Ya ce da a makon farko aka gane, da sai a sa filasta mai tauri, wadda mutane ke ce wa siminti, a hana ni takawa wajen mako shida. Wani lokaci maɗaurin yana kamawa da haka, wani lokaci ba ya kamawa, amma dai da an samu dama. Ja da murza da takawa a rana ta huɗu kuwa, sun hana shi ko gwada komawa. Yanzu ya riga ya warke a sake, babu abin da zai mayar da shi sai tiyata: a buɗe wurin, a ɗan ƙara wa kwarin zurfi, a mayar da jijiyoyin, a ɗinke maɗaurin a jikin ƙashi. Na ce in na bar shi fa? Ya ce jijiyar kullum gogar ƙashi take yi in ta hau, a hankali za ta fara tsagewa, aikin da za a yi nan gaba ya fi wannan girma.

Na fito da amsar da na yi wata da watanni ina nema, amma ta zo da tata matsalar. A gidanmu ba a shiga ƙarƙashin wuƙar likita ba da sanin uba da albarkarsa ba. Ko da ana yi, wa zai ɓoye filasta da sanduna biyu a Shamaki? Gari zai waye kowa ya ji cewa ɗan mai ɗori, wanda ubansa ya ɗora har sau uku, wanda ya yi ta cewa ya warke, ga shi can an yanka ƙafarsa a asibiti. Akwai ƙananan masu ɗori a unguwar da suka daɗe suna jiran irin wannan labari. Mako biyu na yi ina juya maganar. Kullum in shirya zuwa, in fasa. Matata ta gaji ta ce, "Abban yara, in kai ba za ka iya ba ni zan je in faɗa." Na ce ta rufa mini asiri, zuwanta na farko ma bai gama hucewa ba.

Na zaɓi bayan la'asar, lokacin da zaure ke watsewa. Na same shi shi kaɗai yana fere kara da 'yar wuƙarsa. Na gaishe shi, na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa. Na ce likitan ƙashi ya duba, ya ce jijiya ce take gocewa, sai an yi aiki, na zo neman izini.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da fere karansa.

"Yanka ka za su yi ke nan."

"Ƙaramin aiki ne, Baba."

"A kan targaɗe." Ya ajiye karan. "Shekara nawa ina wannan aiki, Malam? Ƙafa nawa ta bi ta hannun nan? Sai taka ce za ta gagare ni, har a kai ka a fede kamar rago? Kwanta in sake dubawa."

Na ce, "Ba zan kwanta ba."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Baba ba zan yi ba. Shi ma ya ji, ni ma na ji. Amma na cika na batse. Wata biyar na zafi, da salla a kujera, da ƙaryar da nake yi a ƙofar gidansa, duk suka taso mini lokaci guda. Na miƙe tsaye a kansa, abin da ba a yi, na cire takalmi na ɗora ƙafar a kan ɗan turmin da yake daka magani. Na ce, "Baba, don Allah, don Annabi, sau ɗaya kawai. A sa hannu a nan. Kada a ja, kada a murza. Ni zan motsa."

Ya dube ni. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya miƙo hannu ya ɗora babban yatsansa a bayan idon sawun. Na ɗaga yatsu sama na karkata waje. Jijiyar ta kufce daga ƙarƙashin yatsansa ta haye ƙashi, har sai da hannunsa ya zabura.

Ya ce, "Sake."

Na mayar da ita, na sake. Ya ce in sake. Sau huɗu muka yi. A na ƙarshe shi ya tura ta da kansa, a hankali, ya bi ta da yatsa har ta faɗa mazauninta. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun da kumburi ya sace."

"Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Na faɗa, Baba."

Ya sauke ƙafar daga kan turmin da hannu biyu, ya ajiye ta a ƙasa. Na koma na zauna, duk fushin ya zube, sai kunya. Can ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko likitan ya ce da an gane da wuri da ba sai an yanka ba. Na ce a'a, likitan ya ce irin wannan ko a ranar farko aka kai sai an yi aiki. Ya ɗago ya kalle ni. Mutumin da ya shekara arba'in yana kallon fuskar masu ciwo, ni zan yi wa ƙarya? Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a. Ka je." Ya ɗauki karansa ya ci gaba da fira, amma na lura wanda ya riga ya gama ferewa ne.

An yi aikin lafiya. Na farka na ga ƙafar cikin filasta tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, an ɗora ta a kan matasai. Likita ya ce makonni zan yi ban taka ba, bayan nan a shiga gashi da motsa jiki, kafin wata huɗu ko biyar in manta da ita. Haka kuwa aka yi, yau ina tsugunawa, ina sujada, ina bin yara da gudu a filin makaranta. Maganar ta zaga Shamaki kamar yadda na ji tsoro. An yi ta a majalisa, an yi ta a wajen masu shayi, wasu sun ƙara mata gishiri. Baba bai kare kansa wurin kowa ba. Wanda duk ya tambaye shi, sai ya ce, "Jijiya ce, ban gane ta ba."

Washegarin aikin Baba ya zo duba ni da hantsi, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ban taɓa ganinsa a cikin asibiti ba. Matata ta ba shi kujera, ya zauna a gefen gadon, ya yi mini sannu, ya yi addu'a. Idonsa na kan filastar. Na ga yana bin ta da kallo daga sama har ƙasa, yana duba yadda aka saita diddige, yana duba launin yatsuna da suka leƙo. Na san abin da hannunsa ke so. Mutum ne da ko a hanya ya ga yaro na ɗingishi sai ya tsayar da shi ya taɓa.

Na ce, "Baba, a duba mana. A ji ko sun ɗaure daidai."

Ya mayar da hannayensa cikin riga.

"Ba a sa hannu a ɗorin wani," ya ce.

Na ce ai ni ne, ba wani ba. Ya ce ya sani. Ya ƙara zama kaɗan, ya tambayi matata ko ina cin abinci, sannan ya tashi ya ce akwai masu jiransa.

Na ɗauka in an cire filasta shi ke nan. Ranar da aka cire na sa aka kai ni Shamaki kai tsaye, na zauna a gabansa na miƙa masa ƙafar, na nuna masa ɗinkin. Ya sunkuyo ya duba da kyau, ya ce sun yi aiki mai tsabta, Allah ya ƙara sauƙi. Hannayensa na kan gwiwoyinsa. Shekara biyu ke nan. Yana taɓa ƙafar kowa a garin nan, ya taɓa ta 'yata da ta faɗo daga kan katanga, amma tawa bai ƙara taɓawa ba.